Kontirbas na lantarki da amon akwati na aro: yadda ake gwadawa kafin a saya

Kontirbas babban gogen Turawa ne mai ƙasan murya, da ake kaɗawa a tsaye. Na farko da na taɓa riƙewa na aro ne, tsoho, mai ciki kamar randa, tsayinsa ya kusa mita 1 da santimita 80. Wani dattijon makaɗi a nan Yamai ne ya bar mini shi na wata uku. A tsakiyar hunturu, wata asuba, sai na ji "ɗas" daga kusurwar ɗaki kamar an karya karan dawa. Da gari ya waye na ga tsaga mai tsawon taki guda a allon gaba. Na je wurinsa jiki ba ƙwari, na ce, "Baba, ku yi haƙuri, abin nan ya tsage a hannuna, zan biya gyara." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, katakon ƙasar sanyi ne, iskarmu ce ta shanye masa ruwan jiki. Kuɗin gyara kuma wa za ka kai wa?"

Masu ƙera irin wannan kaya suna so damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Hunturun Yamai yakan saukar da shi ƙasa da 20, sannan Afirilu da Mayu su zo da zafin da ya haura digiri 40. Ka kuma tsaya da shi bakin titi a Bukoki ka ga ko akwai mai taksin da zai kalle ka. Shi ya sa mai son wannan muryar a garinmu yakan koma ga na lantarki: wuya, tsirkiya 4, jaki (ɗan katakon da tsirkiya ke hawa), babu akwati. Mu sanda muke ce masa. Masu sayarwa kuma kowa cewa yake nasa ya fi kama da na akwatin, musamman yanzu da ake kwaikwayon amon da lissafin na'ura. Ga tsarin da nake bi in wani ya ce in raka shi ya zaɓa.

Mataki na farko: san abin da aka cire

Ɗauki gurumi ka cire masa ƙwarya da fata, ka bar sanda da tsirkiya. In ka kaɗa, abin da za ka ji bai wuce kukan sauro ba. Tsirkiya siririya ce, ba ta iya tura iska, ƙwaryar da fatar ne ke yi mata wannan aiki. A kontirbas ma haka ne: jaki yana kai rawar tsirkiya ga allon gaba, wani ɗan ginshiƙi da ke tsaye a ciki yana kai ta ga allon baya, iskar ciki kuma tana numfashi ta ramuka biyu da ke allon gaba da nata sautin, wajen Hz 60 zuwa 70, wato rawa 60 zuwa 70 a sakan.

Aiki biyu akwatin yake yi, kuma duk wanda ya raba su a kansa ya gama rabin ciniki. Na ɗaya, yana rina sautin: ya ɗaga wasu sassa, ya danne wasu, ya ƙara ɗan amon katako. Na biyu, yana shanye ƙarfin tsirkiyar. Tunda ƙarfin yana fita ya zama sauti a iska, kowane bugu yakan fara da "dum" mai nauyi, sannan ya faɗi da wuri. Aiki na ɗaya na'ura tana kwaikwayonsa, har ta ba ka mamaki. Aiki na biyu yana faruwa ne a jikin tsirkiyar kanta, kafin sautin ya shiga waya. Sanda ba ta da akwatin da zai sha ƙarfin, sai tsirkiya ta yi ta dogon nishi kamar jitar bas marar ƙarafunan wuya.

Abin da ke ɗaukar sautin a yawancinsu piyezo ne, ɗan siririn faifai da ke haifar da lantarki in an matsa shi, wanda ake sawa a ƙarƙashin jaki ko a cikinsa. Ji yake yi daga kusa ƙwarai, kamar ka manna kunnenka a kan jakin. Daga nan ake samun wannan "kwak" ɗin mai fitowa ta hanci da duk mai kaɗa sanda ya sani.

Mataki na biyu: je da awon tela

Kafin a jona waya, auna daga jaki zuwa inda tsirkiya ta kwanta a saman wuya. Kontirbas da akasarin mutane ke kaɗawa, wanda ake kira uku-bisa-huɗu, yana da santimita 104 zuwa 106. Jitar bas tana da 86. Tazarar rabin sauti na farko a dogon ta kusa santimita 6, a gajeren kuwa ba ta kai 5 ba. Da ƙyar ido ke ganin bambancin, amma hannu ya san da shi: a dogon wuya yatsa uku ake aiki da su a ƙasa, manuni da na tsakiya da ƙarami, su rufe sauti ɗaya cur, ba yatsa ɗaya ga kowane gurbi kamar a jita ba.

Da wannan awon za ka raba su gida biyu. Ibanez UB804 da Omni Bass na kamfanin NS Design gajeru ne, santimita 86. Ɗan orkes da ya shekara goma a kan jitar bas zai iya hawa dandamali da su cikin sati biyu, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai gajeriyar tsirkiya ba ta da tsaurin doguwa, nauyin bugun yakan ragu, kuma abin da hannunka ya koya a kansu ba zai bi ka ba ranar da aka miƙo maka na akwati.

A gidan dogaye akwai hali iri-iri. NS Design, na Ned Steinberger wanda ya yi suna da jitar bas marar kai, yana da WAV da NXT da CR, tsawon tsirkiyarsu santimita 106. Ana ɗaure su a kan ƙafa uku, ba su jingina da jikinka, akwai ɗige-ɗige a allon yatsu masu nuna gurbi, akwai kuma maɓallin da ke sauya yadda piyezo ke ji, ɗaya don yatsa ɗaya don izga. Ba su ɓoye cewa na lantarki ne ba, muryarsu tsaf take, doguwa. Yamaha ya bi wata hanya da jerin Silent Bass: tsini a ƙasa kamar na asali, jaki mai kama da na gaske da ake ɗagawa a sauke, da wani ƙarfe mai lanƙwasa da ke tsaya wa kafaɗar akwati don ka jingina shi da cikinka. SLB300, wanda ya fito a 2020, nauyinsa kilo 7 da ɗoriya, shi ne ke ɗauke da amon kwaikwayo a cikinsa. Eminence yana da ɗan ƙaramin akwati na gaske, saboda haka yana samun kaɗan daga wancan aiki na biyu. Stagg na Beljiyom da Harley Benton na Jamus su ne na talaka. Kuɗin SLB300 guda zai sayi Stagg da yawa, kuma Stagg ɗin yana da ramin kaske, abin ji na kunne, wanda mai zaman gidan haya zai gode masa da dare.

Akwai wanda bai taɓa neman ya yi kama da kowa ba. Ampeg Baby Bass, na 1962, jikinsa na roba mai tauri ne, sautinsa ɗan gajeren "tum" marar wutsiya, kuma makaɗan salsa sun riƙe shi har yau saboda yana zama daidai tsakanin ganguna. In kiɗanka na rawa ne, mai kalangu da ƙwarya, ka tambayi kanka ko ba irin wannan kake nema ba tun farko.

Yanzu kaɗa shi ba lantarki. Ɗora haɓarka a gefen wuya ka ja tsirkiyoyin huɗu, Mi, La, Re, Sol, ɗaya bayan ɗaya, sannan ka hau kowace tsirkiya har ƙarshen allo. Kana neman inda tsirkiya ke karkarwa a kan allo, da gurbin da sauti ke mutuwa nan take, da ƙarfen da ke kaɗawa a jiki. Piyezo duk zai kwashe su ya ƙara musu ƙarfi.

Mataki na uku: tsirkiya, tsayinta, da hannunka

Nan ne mutane ke tsallakewa su tafi sayen na'ura, alhali nan aka fi samun riba.

Masu araha sukan zo da tsirkiya mai tauri, mai ƙarar gwangwani. In jakin da makullan suna karɓar tsirkiyar kontirbas ta gaske, canza. Spirocore ta kamfanin Thomastik na Biyana ƙarfe ce, tana da gurnani da dogon numfashi, ƴan jaz suna sonta, amma a kan sanda wadda dama numfashinta ya yi yawa takan wuce gona da iri. Mai zuciyar roba, irin Evah Pirazzi ta Pirastro, ta fi duhu kuma ta fi saurin faɗuwa, ni ita nake zaɓa wa sanda. Abu ɗaya: in kayanka yana da maganaɗisu bayan piyezo, kamar wasu CR, maganaɗisun ƙarfe yake ji, saboda haka duba kafin ka saya. Ka kuma tabbatar da irin gindin tsirkiyar da yake karɓa, don wasu sanduna gajeriyar tsirkiya ta musamman suke ci.

Sai tsayi. Masu sayarwa suna kwantar da tsirkiya ƙasa-ƙasa don ta yi daɗin dannawa a shago. Tsirkiyar da ta kwanta ba ta da filin lilo, dole ka taɓa ta a hankali, a hankali kuwa ba ya haifar da "dum". A ƙarshen allon yatsu, gwada milimita 5 zuwa 6 a ƙarƙashin Sol, 8 zuwa 9 a ƙarƙashin Mi. Ba sai da ma'auni na musamman ba: makullan alen na mai gyaran babur suna da lamba a jiki, zura mai lamba 5 da mai lamba 8 ka ga ko sun shige. Ɗaga kaɗan-kaɗan, kana sassauta tsirkiya kafin kowane murɗi. Yatsunka za su yi bororo sati na farko, daga baya su yi kanta.

Hannun dama kuma ya manta da jita. Babban yatsa ya kama gefen allo, manuni ya kwanta kusan a tsaye da tsawon tsirkiya, ka ja da gefensa mai nama, kusa da ƙarshen allon, nauyin yana zuwa daga kafaɗa. Na taɓa ganin wani dattijo ya karɓi Stagg na wani yaro a wurin gwaji, bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba, ya ja sauti huɗu, yaron ya leƙa bayan ampili yana neman abin da aka jona.

Dabara ta ƙarshe kyauta ce. Yanki soso na katifa mai faɗin yatsa biyu, cusa shi tsakanin tsirkiyoyi dab da jaki. Shi zai riƙa shan ƙarfin da akwati ya kamata ya sha. In ya matse da yawa sauti zai toshe, sai ka rage shi da almakashi har "dum" ya fito kuma wutsiyar ta gajarta.

Mataki na huɗu: ƙofar da piyezo zai shiga

Duba ko akwai batir a jikin kayan. In akwai, kamar Yamaha da Stagg da Ibanez da CR, an riga an gyara maka wannan matsala a ciki, sai ka wuce. In babu, kamar WAV ko mai piyezon Realist, tsaya. Piyezo tsirara yana son ƙofa mai tsananin turjiya, megohm 1 zuwa sama, wasu ma 10. Ramin layi na konsol ɗin mai sono yawanci wajen kilohm 10 ne. A ce piyezonka nanofarad 1 ne: a megohm 10 sautin ƙasa yana fara zubewa ne daga Hz 16, inda ba ruwanka. A megohm 1 yana farawa daga wajen 160, ya riga ya taɓa Mi ɗinka mai Hz 41. A kilohm 10 kuwa kusan komai ya tafi, sai ƙaiƙayi. Mutum zai rantse kayan ne marar kyau. Maganin DI ne, ɗan akwatin da ke shiga tsakanin kayanka da konsol, wanda aka yi don piyezo. Radial PZ-DI, misali, yana da zaɓi uku, kilohm 220 da megohm 1 da megohm 10, kana iya sauyawa ka ji da kunnenka. Wayar da ke tsakaninsu kuma ta zama gajera.

Mataki na biyar: naɗa, kada ka yarda da ƙwaƙwalwarka

Kunne yana da mantuwa, kuma yana da son kai: duk wanda ya ɗan fi ƙara, shi zai ce ya fi daɗi, ko da bambancin desibel 1 ne. Mai shago ya san haka.

Ka zo da kwamfuta da kat-son mai ramin jita, ka buɗe Audacity, manhajar naɗar sauti, kyauta ce. Duk maɓallan gyaran murya na jikin kayan a tsakiya, amon kwaikwayo a kashe. Shirya abu huɗu da za ka maimaita a kan kowane kaya: tsirkiyoyi a sake, kowace ka bar ta ta mutu da kanta, tafiyar jaz ko salsa ta rabin minti, wani kiɗa namu mai sauri da ka saba, da bugun da ake toshewa, sai dogon ja da izga in kana amfani da ita. Naɗa a kHz 48. Bayan nan ka daidaita ƙarfinsu duka zuwa lamba ɗaya ta LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti, Audacity tana yi.

Daga nan sai ka ba wani abokinka ya canza sunayen zuwa 1, 2, 3 ya rubuta sirrin a takarda. Ni fada nake kaiwa, wurin hirarmu da abokai. Ana dafa shayi, a saka a ƙaramin bafil, kowa ya faɗi nasa, har waɗanda ba su san do da re ba, kuma sau da yawa su suka fi faɗin gaskiya: "Wannan kamar yana magana ta hanci." A kan allon kwamfutar kuma dubi surar tsirkiyar da aka sake. Wadda ta fara da tudu ta gangaro da sauri ta fi kusa da ta akwati. Wadda ta miƙe kamar kwalta, ka koma mataki na uku.

Ka adana waɗannan naɗe-naɗen busassu, don da su za ka gwada amon aro ba tare da ka sake kaɗawa ba.

Mataki na shida: amon aro

In ka tafa hannu sau ɗaya a bakin rijiya, abin da ya dawo maka ya gaya maka zurfinta da faɗinta. Haka ake yi wa akwatin kontirbas: a auna yadda yake amsa bugu ɗaya, a adana a ɗan ƙaramin fayil na WAV. Shi ake kira IR, ni hoton amo nake ce masa. Na'ura tana ɗaukar sautin sandarka ta bi da kowane ɗigonsa ta cikin wannan hoton, sai ya fito da rinin akwatin.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta SLB300, inda Yamaha ya riga ya auna kontirbas na gaske a situdiyo ya zuba a ciki, da tsarin da suke kira SRT. Akwai muryar makirufo iri uku, akwai maɓallin da ke gauraya ta da piyezo, batir AA guda 2 ke tafiyar da shi. Ƙarfinsa shi ne an yi hoton don wannan piyezon da wannan jakin, sun san juna. Rauninsa, ukun nan su ke nan, ba ƙari, ga kuma kuɗin da ya haura sefa miliyan 2 tun kafin sufuri da duwan.

Hanya ta biyu, kowace sanda da fedal mai ɗaukar hoton amo: TC Electronic Impulse, Mooer Radar, Line 6 HX Stomp da ire-irensu. Kamfanoni irin 3 Sigma Audio suna sayar da hotunan kontirbas. Kafin ka kashe ko dala, gwada a kwamfuta: manhajar Reaper tana da ReaVerb, ka ɗora hoton a kan naɗinka busasshe ka saurara. A nan akwai tarko uku.

Na farko, hoton da aka yi don piyezo bambanci ne tsakanin abin da wani piyezo ya ji da abin da makirufo ya ji. In piyezonka ba irin wancan ba ne, lissafin zai karkace, ƙasa ta kumbura ko sama ta dushe. Masu sayarwa sukan rubuta irin wanda aka yi dominsa, zaɓi mafi kusa, ka gwada da yawa. Cikin goma, biyu ne za su zauna wa kayanka.

Na biyu tsawo ne, kuma bas ya fi jita shan wahalarsa. HX Stomp yana karɓar hoto mai ɗigo 1024 ko 2048. A kHz 48, na farkon milisakan 21 ne, na biyun 43. Zagaye ɗaya na Mi ɗinka milisakan 24 ne. Wato gajeren hoton bai ma kai tsawon zagaye ɗaya na sautinka mafi ƙasa ba, ina zai san abin da akwati ke yi a can? Ɗauki mafi tsawon da na'urarka ke iyawa.

Na uku, rini a kan rini. Fedal ɗin yakan zo da hotunan bafil na jitar lantarki, kashe su. Kada ka ɗora hoto a kan SRT da ke kunne. Ampilin jitar bas shi ma yana da nasa rinin, saboda haka shiga ta ramin dawowa na bayansa, ko ka yi amfani da bafil ɗin sono wanda ba ya ƙara komai.

Hanya ta uku, ka yi naka. ToneDexter na Audio Sprockets da Voiceprint na LR Baggs suna koyo ne: ka jona piyezo, ka kafa makirufo, ka kaɗa na ɗan lokaci, su fitar da bambancin. An yi su don kaya mai akwati, sanda kuwa ba ta da abin da makirufo zai ji. Amma in ka samu aron na akwati na yini guda, ka sa masa piyezo mai kama da naka, ka kafa makirufo taki ɗaya ko biyu daga jaki a ɗaki mai labule da katifu, fanka a kashe, ka koyar da na'urar, sannan ka koma da hoton kan sandarka. 

Ko ta wace hanya, fara da gauraya a sifili ka riƙa ƙarawa. Wajen rabi za ka ji katako ya shigo, "kwak" ya kwanta. In ka kai ƙarshe sautin yakan ja da baya kamar daga wani ɗaki ake kaɗawa. In a tsakiya ka ji wasu sautuka sun rame, busasshen da rinannen ne ke cin juna, juya maɓallin fas, mai kifar da rawar sauti, ka sake ji. Inda hoton ya fi nuna kansa shi ne izga: piyezo tsirara da izga zarto ne, da hoto kuwa sai ya koma kusa da goge mai babbar murya. Ƙaron izgar kuma kada ka bar shi a mota, na kontirbas mai laushi ne, narkewa yake.

Bayan hoton, gyara kaɗan ya isa. Yanke abin da ke ƙasa da Hz 40. In yana gunji, rage tsakanin 100 da 200. In hanci ya rage, nemo shi tsakanin 800 da 2000 ka ɗan danne. In ta kwamfuta kake kaɗawa kai tsaye, jinkiri ya tsaya ƙasa da milisakan 10, daidai da tsayuwa mita 3 da rabi daga ampili. Fiye da haka hannu yakan fara tuntuɓe.

Mataki na bakwai: fitar da shi fili

Abin da ya ci gasa a kaske ba lalle ya ci a biki ba. Na koyi wannan a wani ɗaurin aure a Yantala, ƙarƙashin rumfa, da gauraya a cike kamar yadda na saba a ɗaki. Jita biyu suka shigo, kalangu ya shigo, na nemi kaina na rasa. Mai sono ya matso ya ce, "Maigida, bas ɗinku ba ya fita." Ya ƙara mini ƙarfi, sai gunji ya cika rumfar, sautin dai ba a rabe shi. Da na mayar da gauraya kashi ɗaya bisa huɗu, na ɗaga yankan ƙasa zuwa Hz 70, sai ga ni na dawo. Wannan cizon piyezo da nake gudu a situdiyo shi ne ke huda hayaniya. A zaure mai bango da rufi, ɗakin da kansa yana ƙara amo, nan ma sai a rage na aro. A falon otel, da piyano da burushi a kan ganga, can ne nake buɗe shi sosai.

Kuran ɗinmu volt 220 ne, Hz 50, kuma Sol na kan tsirkiyar Mi yana Hz 49. In akwai gurnanin wuta a layinka, duk lokacin da ka riƙe wannan Sol za ka ji yana kumbura yana sacewa kusan sau ɗaya a sakan. Kada ka bari a yanke Hz 50 a konsol, Sol ɗinka zai tafi tare da shi. Danna maɓallin raba ƙasa na DI, jona ampili da fedal a soket ɗaya, ka nisantar da wayarka daga ta janareta. Fedal mai lissafi kwamfuta ce ƙarama, in wuta ta ɗauke ta dawo sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya farka, amarya kuwa ta riga ta shigo fili. Shi ya sa nake ba shi batir nasa, kuma ina ajiye waya ta biyu da za ta tsallake shi kai tsaye zuwa DI.

In daga waje za a aiko maka, tambayi tsawon jakar kafin komai, don jirgi yana da iyakarsa, ka lissafa yuro 1 a sefa 656, ka sa tsirkiya ta biyu a cikin odar tunda ba za ka same ta a Babbar Kasuwa ba. Ranar da ya iso, bar shi kwana biyu a jakarsa a ɗaki kafin ka ɗaure tsirkiya sosai. Cire batir duk lokacin da zai kwana biyu ba a taɓa shi ba, zafi yana sa su yoyo. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallai su fara ƙarar yashi, sai ka rufe su da ƙyalle. A bayan sandata na manna farin salatif, na rubuta layi uku da biro: situdiyo, otel, biki, kowanne da lambar gaurayarsa da ta yankan ƙasa. Na bikin har ya fara gogewa.